Yadda Ake Shigar da Bidiyon Tsohon Faifan DVD Cikin Manhajar Tace Bidiyo

Kusan duk wanda yake sana'ar tace bidiyo a ƙasar Hausa an taɓa kawo masa faifai a cikin leda, an ce masa na bikin iyaye ne, ko na saukar Alƙur'ani, ko na hawan Sallah, ana so a yanko wani wuri a haɗa da sabon hoto. Sau da yawa wani daga cikin mutanen da ke cikin faifan ya riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani kwafi a ko'ina. Saboda haka nake ɗaukar aikin nan da nauyi, kuma nake jin ciwo idan na ga sabon shiga ya zura faifai a kwamfuta, ya ja fayil ɗin VOB, wato fayil ɗin bidiyon da ke cikin faifan, kai tsaye ya jefa cikin manhaja. Daga nan matsaloli suke farawa: hoto babu sauti, baki ya riga magana, mutane sun zama dogaye sirara, ko manhajar ta tsaya cik. Hanyar da nake bi ita ce a fara kwashe komai daga faifan, a gane irin abin da aka kwaso, a gyara shi sau ɗaya, sannan a kai shi wurin tacewa.

Bayanin nan na faifan da aka ɗauka a gida ne ko wanda mai ɗaukar biki ya buga muku. Finafinan kasuwa haƙƙin masu su ne, kuma kowa ya san irin ɓarnar da satar fasaha ta yi wa masu shirya fim a Kano.

Kayan aiki

- Na'urar karanta DVD. Yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba sa zuwa da ita, sai ka nemi ta waje mai USB. Ka zaɓi mai tire da ke fitowa, domin wadda ake zura mata faifai ta tsaga ba ta karɓar ƙaramin faifan kyamara mai faɗin santimita 8, yana iya maƙalewa a ciki.
- Wurin ajiya. Faifai na yau da kullum giga 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, ƙaramin na kyamara 1.4. Amma ka ware aƙalla giga 50 ga kowane faifai idan za ka yi fayil mai nauyi na tacewa.
- Ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau.
- Manhajoji na kyauta: VLC don kallo, MediaInfo don sanin abin da ke cikin fayil, HandBrake ko FFmpeg don juyawa. A Windows, HandBrake yana buƙatar .NET Desktop Runtime kafin ya buɗe, ka sauke su tare tun kana da data.
- Wuta tsayayya: batirin kwamfuta cike, ko inbata.

1. Duba faifan da idonka, ka goge shi

Riƙe shi ta gefe, ka karkata shi ga haske. Idan ƙura ce ko sawun yatsa, shafa daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe. Kada ka shafa a kewaye, domin bayanin a kewaye yake kwance, ƙarzuwar da ta bi layin ta fi wadda ta ratsa shi ɓarna. Idan akwai maiƙo, ruwa da ɗigon sabulun ruwa sun isa, ka bar shi ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kalanzir. Man goge baki da wasu suke shafawa ma ban yarda da shi ba a kan faifan da ba shi da na biyu.

Faifan da aka buga a gida galibi wani rini ne a cikinsa yake riƙe bayanin, kuma zafi da hasken rana suna cin rinin nan. Faifan da ya yi shekaru a saman talabijin ko a cikin mota da zafin bazara yana iya zama tas a ido amma ya ƙi karantuwa. Tun da daga tsakiya ake fara rubutu a nufi baki, lalacewar gefe ƙarshen bidiyon take ci. Idan kuma VCD ne, wato bidiyo a kan faifan CD, ka fi kula da saman da ake rubutu da biro, don a faifan CD bayanin dab da wannan fuskar yake.

2. Gane irin faifan da ke hannunka

Saka shi, ka buɗe shi kamar yadda ake buɗe filashi. Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu za ka gani.

Idan ka ga folda mai suna VIDEO_TS, faifan bidiyo ne na gama-gari. A ciki akwai fayiloli iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne hoto da sauti. IFO shi ne jagoran da ke faɗa wa na'ura inda kowane babi ya fara da yadda fasalin hoton yake, BUP kuwa kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Za ka lura babu VOB ɗin da ya wuce giga 1. Haka tsarin yake: ana datsa bidiyo ɗaya gunduwa-gunduwa, VTS_01_1.VOB, VTS_01_2.VOB, har ƙarshe, kuma datsawar ba ta duba ko ana tsakiyar magana. Mai lamba 0 a ƙarshe, wato VTS_01_0.VOB, shafin zaɓi ne kawai.

Idan DVD_RTAV ka gani, da fayil VR_MOVIE.VRO a ciki, an ɗauka ne da tsarin VR, wanda kyamarori da rikodojin gida suke amfani da shi a kan DVD-RW da DVD-RAM. Fayil ɗaya ne babba.

Idan MPEGAV ne, da AVSEQ01.DAT, to VCD ne. Bukukuwa da yawa na farkon shekarun 2000 a kansa aka buga su. Girman hotonsa 352 a 288 ne, kada ka yi wa mai shi alƙawarin abin da babu.

Na huɗun shi ne mai haɗari: kwamfuta ta nuna faifan babu komai, har ta tambaye ka ko a shirya shi don rubutu. Kada ka kuskura ka amsa. Rufe saƙon, ka fitar da faifan. Galibi bidiyon yana nan, ba a kulle faifan ba ne. Kyamara tana rubuta hoton tun lokacin ɗauka, amma sai an zaɓi Finalize take rubuta jadawalin da sauran na'urori za su gane. Mafi sauƙin magani shi ne a nemo kyamarar ko rikodar da ta ɗauka, ko irinta daga kamfani ɗaya, a kulle shi a ciki. A jona kyamarar da caja, a tabbatar wuta ba za ta ɗauke ba, kuma kada a girgiza ta har ta gama. An taɓa kawo mini ƙananan faifai shida na wata walima, biyar muka kulle lafiya a kyamarar mai su, na shidan kuwa tun a gida wuta ta katse musu ana tsakiyar kullewa, sai da ƙyar muka tsamo rabin abin da ke ciki. Idan kyamarar ta ɓata ko ta mutu, manhajar IsoBuster tana iya leƙa faifan da ba a kulle ba ta ciro bidiyon, sai dai wani ɓangare na aikinta sai an biya kuɗi.

3. Kwashe komai zuwa kwamfuta

Buɗe sabuwar folda, ka ba ta suna mai ma'ana da shekara, ka kwafe foldar faifan gaba ɗaya, har da IFO da BUP. Minti 10 zuwa 20 yakan ɗauka. Wannan kwafin shi ne asali, ba a taɓa shi, ba a canja masa suna. Yi masa kwafi na biyu a wani rumbun ajiya daban, sannan ka mayar da faifan gidansa. Daga nan duk aikin a kan kwafi za a yi.

Idan kwafin ya tsaya da saƙon cyclic redundancy check, na'urar ta iso wurin da ta kasa karantawa. Sake goge faifan. Idan bai yi ba, gwada wata na'urar, domin abin da wannan ta kasa sau da yawa waccan tana karantawa, kuma manyan na'urorin kwamfutar tebur sun fi sirara haƙuri da tsohon faifai. Idan na'urarka mai wayar USB ce mai kai biyu, jona duka biyun, ƙarancin wuta ma yana jawo irin wannan saƙon. Idan duk an yi bai tafi ba, IsoBuster yana tsallake wurin da ya lalace ya ci gaba. Mai Linux kuma yana da ddrescue:

ddrescue -b 2048 /dev/sr0 faifai.iso faifai.map

Amfaninsa shi ne yana tuna inda ya tsaya, kana iya canja na'ura ya ci gaba da cike guraben da suka rage.

Wani abin da ke rikita mutane: filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai giga 4, ko da akwai wuri. Ka yi amfani da exFAT ko NTFS.

4. Karanta fayil ɗin da MediaInfo

Kalli bidiyon a VLC tukuna, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe. Sannan buɗe VOB ɗaya a MediaInfo, ka rubuta abubuwa huɗu a takarda.

Na farko girman hoto da yawan firem, wato hotunan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Tsarin bidiyo namu na nan PAL ne: 720 a 576, firem 25 a daƙiƙa. Idan kyamarar daga Amurka ko Japan aka kawo ta, za ka ga 720 a 480 da firem 29.97, wato NTSC. Rikodar gida da aka sa ta cusa awanni da yawa a faifai ɗaya tana iya ba ka 352 a 576. Na biyu fasalin allo, 4:3 ko 16:9. Na uku layin Scan type, wanda kusan kullum Interlaced zai ce. Na huɗu irin sauti: AC-3, MPEG Audio ko PCM.

5. Haɗa gunduwoyin su zama fayil ɗaya

Wanda ya jera VOB ɗaya bayan ɗaya a manhajar tacewa zai ji sauti ya ɗauke ko hoto ya yi tsalle a kowace mahaɗa. A haɗa su tun kafin nan. A Windows, shiga foldar kwafin aikinka, rubuta cmd a layin adireshi na sama, danna Enter, ka rubuta:

copy /b VTS_01_1.VOB + VTS_01_2.VOB + VTS_01_3.VOB biki.vob

Harafin /b ɗin nan wajibi ne, idan babu shi fayil ɗin lalacewa zai yi. Kada ka sa mai lamba 0, kuma kada ka gauraya VTS_01 da VTS_02, kowane rukuni da nasa fayil. A Mac ko Linux umarnin cat ne yake wannan aikin.

Idan VRO ne babu abin haɗawa, canja ƙarshen sunan kwafin zuwa .mpg kawai. DAT na VCD ma FFmpeg yana karanta shi yadda yake. Wanda ba ya son rubuta umarni ya tsallake wannan matakin, HandBrake da kansa yake haɗawa idan aka nuna masa foldar VIDEO_TS.

6. Juya shi zuwa fayil ɗin da manhaja take so

A nan ne ainihin aikin yake, don haka bari in ɗan yi bayanin dalili. An ƙera DVD ne don kallo a talabijin irin na da. Hotonsa MPEG-2 ne, kuma kowane firem rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban aka saƙa su layi-layi. A allon kwamfuta ko waya, duk abin da ya motsa sai ka ga gefensa ya yi kamar haƙoran matsefi. Ka lura da hannun makaɗi ko ƙafar doki, nan ya fi fitowa. Warware saƙar nan shi ne abin da manhajoji suke kira Deinterlace, kuma hanya biyu ce: ko a mayar da rabi biyun firem ɗaya a samu 25, ko a mayar da kowane rabi cikakken firem a samu 50. Ni 50 nake zaɓa a bidiyon gida. Rawa, hawan doki, da kyamarar da ake yawo da ita a hannu duk sun fi santsi a haka, kuma haka mutanen suka saba ganinsa a talabijin ɗinsu.

Da FFmpeg, umarni ɗaya da za ka rubuta a cmd kamar na mataki na 5 yana warware saƙa, ya daidaita fasali, ya gyara lokaci, ya canja sauti:

ffmpeg -fflags +genpts -i biki.vob -vf "bwdif=mode=1,scale=768:576,setsar=1" -af aresample=async=1 -c:v prores_ks -profile:v 1 -c:a pcm_s16le biki.mov

Wannan na PAL mai 4:3 ne. Idan 16:9 ne, sa 1024:576 a maimakon 768:576. Idan NTSC ne, 640:480 ko 854:480. Abin da zai fito fayil ne nau'in ProRes, mai sauƙin yanka ko a kwamfuta mai rauni, sai dai yana cin wuri, awa ɗaya tana haura giga 20. Idan wuri ya yi maka kaɗan, canja ƙarshen umarnin daga -c:v zuwa:

-c:v libx264 -crf 17 -g 25 -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 192k biki.mp4

Ga VCD cire bwdif=mode=1 da waƙafin da ke bayansa, wato sashen da ke warware saƙa, domin hotonsa ba saƙaƙƙe ba ne.

Da HandBrake kuwa, zaɓi Folder ka nuna VIDEO_TS. Duba jerin Title, ka tabbatar ka ɗauki mai tsawon da kake nema, don faifan rikoda yakan ƙunshi ɗauka da yawa. A jerin saitin da aka tanada zaɓi Production Standard, an yi shi ne don tacewa. A shafin Dimensions mayar da Cropping zuwa None, in ba haka ba yana iya yanke gefen hoton a kan kuskure idan farkon bidiyon duhu ne. A Filters zaɓi Bwdif ko Yadif, da Bob. A Video sa firem 50, ka tabbatar Constant Framerate ne a zaɓe. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi mantawa, kuma shi ne yake sa sauti ya riƙa zamewa a manhajar tacewa.

Sau ɗaya ake juyawa. Idan sakamakon bai yi maka ba, koma kan asalin ka sake, kada ka juya abin da aka riga aka juya. Kowane juyi yana rage hoton, kuma hoton DVD ba shi da rarar da za a yi asara.

7. Shigar da shi, ka saita aikin

Buɗe sabon aiki, ka daidaita yawan firem da na fayil ɗinka: 50 ga PAL, 59.94 ga NTSC. A manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ka yi wannan tun kafin ka shigo da komai, don da zarar bidiyo ya shiga, saitin firem na aikin yana kullewa. Idan za ka haɗa da sabon hoto mai 1920 a 1080, tsohon mai 4:3 zai zauna a tsakiya da faɗin 1440, gefe da gefe baƙi. Bar shi haka, ko ka cike gefen da dusasshen kwafin hoton. Abin da ba na yi, ko mai aikin ya roƙa, shi ne jan hoton ya cika allo. Amarya ta koma mai faɗi, ko a zuƙo hoton har a yanke rawanin liman, duk ba gyara ba ne.

Idan YouTube za a ɗora, fitar da shi a 720 ko sama, don a ƙasa da haka ba ya nuna firem 50.

Idan har yanzu wani abu bai daidaita ba

Hoto yana nan, sauti babu. Kusan kullum AC-3 ne. Manhajar tacewa ta Premiere Pro ta daina zuwa da nata mai karanta wannan sautin, ta dogara ga na Windows, sannan sabon zubin Windows 11 daga 24H2 shi ma ba ya zuwa da shi. Shi ya sa fayil ɗin da ya yi aiki a tsohuwar kwamfutarka zai yi shiru a sabuwa. Mataki na 6 ya riga ya magance wannan tun da sautin ya koma PCM ko AAC. Idan kuma FFmpeg ɗin ne bai ga sautin ba, ƙara -analyzeduration 100M -probesize 100M kafin -i, ya zurfafa bincike.

Baki da magana ba su haɗu ba. Duba farko da ƙarshe. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, raba sautin da hoton ka matsar da shi, ka nemi wurin tafi ko bugun ganga ka daidaita a kai. Idan tazarar ƙaruwa take, ko kuma tana sauyawa bayan kowane yanka, to agogon cikin fayil ɗin ne yake tsalle duk inda mai kyamara ya tsaya ya sake ɗauka. Irin wannan ne ma yake sa bidiyon awa ɗaya ya nuna minti kaɗan a manhaja. A nan HandBrake ta hanyar foldar VIDEO_TS ya fi, domin yana bin IFO. Idan ya ƙi, fitar da shi babi-babi, kowane babi da fayil ɗinsa, ka jera su da hannu. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ne yake fitar da ni a faifan kyamara masu taurin kai. MakeMKV ma yana raba ɗauka-ɗauka ba tare da rage inganci ba, sai ka bi da abin da ya fitar ta mataki na 6.

Mutane sun yi tsawo ko sun yi faɗi. Ɗigon hoton DVD ba murabba'i ba ne, alama ce a cikin faifan take faɗa wa na'ura yadda za ta buɗe shi, kuma wasu kyamarorin a IFO kaɗai suke ajiye alamar 16:9. Nemi abu mai da'ira a cikin bidiyon, tayar mota ko faifan tuwo da aka ɗaga, ka ga ko ya zama ƙwai. A Premiere danna dama a kan fayil ɗin, Modify, Interpret Footage, ka zaɓi D1/DV PAL mai 1.0940 ga 4:3, ko Widescreen mai 1.4587 ga 16:9. Fayil ɗin VRO yana iya ƙunsar fasali biyun a haɗe idan an canja saitin kyamara a tsakiyar taro, sai a yanka a gyara kowane yanki daban.

Motsi yana rawa, gaba da baya. An juya jerin rabin firem ɗin ne, na biyu yana riga na farko. Yakan faru da faifan da aka kwafo daga kaset ɗin MiniDV. Canja bwdif=mode=1 zuwa bwdif=mode=1:parity=bff, idan bai daina ba gwada tff, ɗayansu zai zauna daidai. Gwada a kan daƙiƙa 30 kawai ta hanyar ƙara -t 30 kafin sunan fayil ɗin fita, ka kalla, sannan ka saki na gaba ɗaya.

Hoto ya farfashe gida-gida a wani wuri. Wannan daga faifan ne, wurin da aka kasa karantawa. Babu manhajar da za ta dawo da abin da bai kwafu ba. Sake gwada kwafin da wata na'urar, idan bai canja ba rufe wurin da hoto marar motsi daga ɗaukar, ka bar sautin ya ci gaba idan shi ya tsira. Kuma ka tambayi mai faifan ko akwai wata gwaggo ko ƙanwa da aka ba kwafi a lokacin bikin, domin masu ɗauka sukan buga uku ko huɗu, kuma da wuya duka su lalace a wuri ɗaya.

Ranar da za ka miƙa aikin, haɗa wa mai shi da foldar asalin da ka kwafa a mataki na 3 a cikin filashinsa, tare da wanda ka tace, ka kuma mayar masa da faifansa a cikin gida mai murfi.